Kawu Ya Ce a Rubuta Cewa Baba Ne Ke Tuƙi

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri, don jibi wa'adin miƙa takardar inshorarmu zai cika. 

Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin, watana huɗu da karɓar lasisin tuƙi. Ba don gayu na koyi mota ba. Baba tsohon malamin lissafi ne, ciwon suga ya taɓa masa ido har likita ya hana shi tuƙi tun bara, sannan ƙoda ta biyo baya. Litinin da Alhamis ake yi masa wankin ƙoda. Yayana yana aiki a nesa, Mama kuwa ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba. Shi ne Yaya ya sa ni makarantar koyon tuƙi, na zama direban Baba. Motar tsohuwa ce, ta shekara goma sha shida a hannunmu, ƙofar wajen fasinja ma sai an zagaya an buɗe ta waje. Baba yana tsokanata wai duk cikin direbobinsa ni kaɗai ce nake ba danja haƙuri kafin in wuce.

Alhamis ɗin da ta wuce muna dawowa daga asibiti, sai ya ce jiri yake ji, amai na taso masa. Na juya in miƙa masa leda. Anti, ƙiftawar ido ce kawai! Ashe danja ta tsayar da motocin gabana. Kafin in taka birki na bugi wani mai babur mai kai saƙo, babur ɗin ya shige bayan motar da ke gabansa. Mutumin ya karye a wuyan hannu, tamu motar kuma lagireto ya fashe. Na fito da makulli a hannuna, mai motar gaba yana ta ɗaukar hotuna da waya. Na kira Kawu, ƙanen Mama, ya zo ya ba kowa haƙuri, aka kai mai babur asibiti, aka yi musayar lambobin waya. Kawu ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, motar tana da cikakkiyar inshora.

Ni ma haka na ɗauka. Mu a gidanmu takardar inshora abin nuna wa jami'an hanya ce. Tana cikin ambulan a aljihun gaban mota, ba mai buɗe ta. Duk shekara Yaya yake sabuntawa ta waya, a tambaye shi ko akwai canji, ya danna babu. Sai da Kawu ya baje ta a teburin falo ya bi ta da yatsa, sannan muka ga abin da ke ciki. Sunaye biyu ne kawai aka yarda su tuƙa motar, na Baba da na Yaya. A ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa wanda bai kai shekara ashirin da biyar ba sai an saka sunansa tukuna. Wato wata huɗu ina yawo da Baba ba tare da wata kariya ba.

Kawu ya ce abin mai sauƙi ne. Lasisin Baba bai mutu ba, kuma Baban yana cikin motar lokacin haɗarin, a rubuta a fom ɗin neman diyya cewa shi ke tuƙi, shi ke nan. Wai kowa haka yake yi, kamfanin ma shekara goma sha shida yana karɓar kuɗinmu bai taɓa gyara mana ko madubi ba. Mama ta bi bayan ƙanenta tana share hawaye. Yaya a waya sai zagin kansa yake yi, ƙarshe ya ce in bi maganar manya.

Abin da ya fi ƙona mini rai Baba ne. Mutumin nan fa ya taɓa kama Yaya yana satar amsa a ajinsa, ya zana masa sifili a gaban kowa. Na zaci zai daka wa Kawu tsawa. Amma bai yi ba. Jiya bayan an dawo da shi daga asibiti a motar haya, ya sha jira a rana har leɓensa ya bushe, sai ya kira ni ɗakinsa. Ya ce tunda ba ya ganin layukan, in cike fom ɗin da hannuna yadda Kawu ya faɗa, in na gama in ɗora yatsansa a inda zai sa hannu. Bai ko kalli inda nake ba da yake faɗa.

Na cike komai sai layi ɗaya, inda aka ce sunan direba. In na rubuta sunana, Kawu ya ce kamfani ba zai taɓa komai ba, motar za ta ruɓe a garejin bakanike, Baba ya ci gaba da tsayuwa a titi bayan an zuƙe masa ƙarfi. Ga mai babur, bawan Allah ko tsawa bai yi mini ba, ƙanwata yake ce mini, yana tambaya yaushe za a gyara masa abin neman abincinsa. In kuma na rubuta sunan Baba, ni na yi ɓarnar, ni kuma zan riƙe hannunsa ya yi ƙarya. Ina jin tsoro, Anti, kuma ina jin kunyar kaina. Me zan rubuta a layin nan?

Autar Malam

*

'Yata Auta,

Sunanki za ki rubuta. Na fara da wannan ne don kada ki tsaya neman amsa a ƙarshen shafi.

Ba na ganin Kawunki mugu ne. Mutum ne da ya ga 'yar'uwarsa tana kuka, surukinsa yana jiran mota a rana, ya nemi hanya mafi kusa. Amma bai yi lissafi da kyau ba. Kamfanin inshora ba ya biya sai ya bincika, musamman in an ji rauni. Mai babur ya san wadda ta buge shi. Mai motar gaba yana da hotonki da makulli a hannu. Asibiti yana da takardar da ta nuna cewa mintoci kaɗan kafin haɗarin mahaifinki yana kan injin wankin ƙoda, ga kuma rubutun likitan da ya hana shi tuƙi. To me fom ɗin Kawu zai gaya musu? Cewa dattijon da ba ya gani sosai ya sauko daga gadon jinya ya hau titi ya karya wa mutum hannu. In suka yarda, an ɗora masa laifin da ya fi naki nauyi. In ba su yarda ba, za su iya soke inshorar, a kuma tuhume shi da yaudara, kuma sa hannunsa ne a ƙasa, ba na Kawu ba.

Gobe da safe ki kira kamfanin, ko ki je ofishinsu da takardar gaba ɗayanta, ki faɗi yadda abin ya faru. Ba zan yi miki daɗin baki ba: wataƙila su ƙi gyara motarku, wataƙila ma ki fuskanci tara. Amma ki tambaye su musamman game da mai babur da mai motar gaba, su ba ki amsa a rubuce. Dokoki sun bambanta, akwai inda kamfani yake sallamar wanda aka ji wa rauni ya dawo ya bi mai mota. Kada ki dogara da karatun Kawu a falo, ki nemi lauya ko ofishin ba da agajin shari'a ya duba muku. Ki tambaye shi har da batun sanar da 'yan sanda, tunda an samu karaya.

Shi kuma mai babur, ku je ku same shi ke da Kawu. Mutumin da ya ce miki ƙanwata bai cancanci a riƙa ja masa rai ba. A gaya masa halin da ake ciki, a yi yarjejeniya a rubuce kan jinyarsa da babur ɗinsa. Yayanki ya daina zagin kansa a waya, ya ɗauki nasa kason, ya kuma samo mai mota ɗaya da zai riƙa jiran Baba a ƙofar asibiti Litinin da Alhamis.

Laifin juyawa naki ne, ki karɓe shi. Nan gaba in mara lafiya ya yi kira, a gangara gefe a tsaya, kuma Mama ta riƙa zama da shi a baya. Amma laifin takarda na gidanku ne duka, kada ki yarda a bar miki shi ke kaɗai. Idan an gyara motar, kada ki taɓa makulli sai kin ga sunanki a cikin inshora da idonki, ko da farashin ya tashi, don yakan tashi wa sabon direba. Kuma ki koma tuƙi, kada tsoro ya kwantar da ke.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan ki shiga wurin mahaifinki ku biyu kawai. Ni a ganina ba don mota ya yarda ba. Malamin da ya koyar da lissafi ya san fom ɗin nan zai iya tonuwa. So yake in abin ya tonu, ya faɗa kansa, ba kanki ba. Ki durƙusa ki gaya masa kin gane, kin gode, amma ba za ki karɓa ba, kin girma da za ki amsa laifinki da sunanki. Shi ba zai iya janyewa ba, don zai ga kamar ya yar da ke ne. Ke ce kaɗai za ki iya sauke masa.

Allah Ya ba mahaifinki lafiya, Ya ɗora hannun mai babur, ke kuma Ya tsare miki hanya.

Antinku