Liƙin Injiniya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka, kumburin ya sauka? Ina Inna da yaran? Ni lafiya lau, sai dai aikin mataimakin malami da ka sha wahala ka samo mini a makarantar koyon sana'a yana lilo.

Shugaban sashenmu, wanda ya ce dole a kira shi Injiniya, wata uku ke nan yana koyar da liƙin dalma a kan allo. Da alli fa! Farar rigarsa ko ɗigon baƙi babu. Ya koya wa ɗalibai su narkar da dalma su ɗiga a kan jan ƙarfe mai sanyi, su hura da baki, su goge da samfefa. Wanda nasa ya fi sheƙi shi ne na ɗaya. Ni da ban wuce aji shida ba, a tsofaffin littattafan da nake tsinta na karanta cewa ƙarfen ake kankarewa, a gasa shi, dalma ta bi shi da kanta.

Ran Talata ya jera aikinsu guda talatin yana ta zuba yabo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, ɓas, ɓas, duk suka ɓalle. An ce in ba shi haƙuri a gaban aji ko in ajiye makullan ɗakin aiki in bar aikin. Wallahi gara in ajiye.

Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Barkono

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Faɗanka ya iso, shafi biyu cif.

Na ba Injiniya haƙuri, amma ba don faɗanka ba. Wata ɗaliba ce ta gaya mini da murna cewa ta liƙa wayar wuta a ɗakin da ƙannenta suke kwana, yadda Injiniya ya koya mata. Irin wannan liƙin ai gobara yake jawowa. Na je na sake liƙin. In na tafi, wa zai bi liƙin sauran ɗaliban?

Na tsaya gaban aji na ce na yi kuskure, shi kuwa yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Washegari, ba kunya ba tsoron Allah, ya rubuta a allo cewa a fara gasa ƙarfe, wai sabuwar dabararsa ce. Ya ce in nuna musu, tunda hannunsa na ciwo.

Na haɗiye fushina, na nuna. Jiya na bi sabon liƙinsu guda talatin da yatsa har ya yi ja. Huɗu kawai suka ɓalle.

A gaida Inna.

Ƙaninka,
Barkono