Mazubin da aka auna a jikina

Litinin, 3 ga Maris
Shida na zuba yau, ko kumfa ɗaya babu. Shekara huɗu ke nan ina dafa wa Dakta, mai binciken da nake wa aiki, furostet na bogi, wato kwaikwayon ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Jel, farin ƙwai, ɗigon tawada, a juye a mazubi, sai firiji. Ta cusa zaren leza ta kunna, duk inda zafi ya kai ya yi fari, mu yanka mu auna. Da a ƙona mutum gara a ƙona girkina. Maman yara kuwa cewa take ko shayi ban iya haɗawa ba.

Laraba, 5 ga Maris
Sau biyar na bar tukunya na ruga bayan gida, har jel ya daskare min. Ruwa nake sha da yawa, shi ke nan.

Juma'a, 7 ga Maris
Dakta ta ce mazubanmu duk ƙanana ne, na samari. Babba take so, irin na dattijo, amma sai wani ya yarda an ɗauki hoton nasa an auna. Tana faɗa tana kallon silin. Sa'ar 'yata ce fa, amma wayo kamar dila. Na ce zan tambaya a unguwa.

Asabar, 8 ga Maris
Maman yara ta ce wata shida tana lura da zirga-zirgata. Na yi ta faɗa. Gaskiya tsoro nake ji. Haka Yaya ya fara, ya yi ta ɓoyewa har cutar kansa ta gama da shi.

Talata, 11 ga Maris
Na ce wa Dakta ban samu kowa ba, don haka ni zan sadaukar, saboda ilimi kawai.
"Allah Ya saka da alheri, Baba," ta ce, fuskarta ba yabo ba fallasa.
Ashe tun makon jiya ta karɓar min lokaci wurin likita. Ja'ira.

Alhamis, 13 ga Maris
Hoto, jini, da wani gwajin da ba zan rubuta ba.

Laraba, 19 ga Maris
Babu alamar kansa. Alhamdulillahi! Furostet ɗin girma kawai ya yi da shekaru. Ƙwaya ɗaya kullum, in koma bayan wata uku. Da waƙa na shiga gida, ni da ko maƙwabta ba su san muryata ba. Maman yara ta yi kuka, ta share hawaye, sannan ta wanke ni tas.

Litinin, 24 ga Maris
Mazubin ya iso. Tubarkalla, kamar lemo! Sai da na ƙara ƙwai biyu. Da hannuna na zuba nawa, ina zubawa ina dariya. Da Dakta ta kunna leza sai na ji na matse ƙafafu. Muka yanka, farin ya tsaya daidai inda ta nufa, sauran lafiya lau. Ta ce wannan ya fi duk na baya koya mata aiki. Na ce ai abin babba daban ne.

Talata, 25 ga Maris
Ni ba mai shiga sirrin mutane ba ne, kowa da jikinsa. Na dai kira ƙanena, autanmu, mu gaisa. Shekararsa hamsin da biyu yanzu, kuma ranar da ya zo na ga sau uku yana tashi daga tabarma ya nufi bayan gida. Na ce masa Dakta na neman wani mazubin, ya taimaki ilimi. Ya ce zai zo Alhamis.
Ba ta neman komai. Gobe da sassafe zan gaya mata tana nema.