Masar Talatu da Sunana

Laraba da dare, Makera

Ashe ranar da ƙanena Sabi'u ya sa min shagon masata a taswirar waya, a bencin Talatu mai masa yake zaune, tsallaken titi, wai can ne da inuwa. Wayar kuwa ta ɗauki inda yake zaune. Duk ma'aikacin masana'antun Kudenda da ya nemi sunana, mai keke sai ya sauke shi a ƙofarta, ita kuma ta zuba masa tata masar ba kunya.

Yau na gane, da wata mata ta rubuta a ƙarƙashin sunana cewa masata ta yi tsami, miya kuma duk ruwa. Ni da nake tashi tun asuba ina gyaran ƙullu!

Na tsallaka na sami Talatu. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Maman Ummi, ni na kira su?"

Na ja Sabi'u har gaban tandata, ya gyara alamar ina tsaye a kansa. Amma rubutun matar, wai ba ya goguwa. Talatu ta kwashi ciniki, ni na sha zagin miyarta.