Yau Baban Ummi Ya Ji Muryar 'Yarsa

Daren Alhamis, Birnin Gwari

Yau Baban Ummi ya dawo daga Kaduna da 'yar na'urar ji maƙale a kunnensa na dama. Tun da bam ya tashi kusa da motarsu a bakin daga aka sallame shi daga soja, da ihu da nuni nake magana da mijina. Ummi kuwa bayan abin aka haife ta, bai taɓa jin muryarta ba.

Ina tuƙa tuwo ya shigo. Na ɗaga murya kamar kullum na yi masa sannu da hanya, sai ya dafe kunne yana dariya.

"Sassauta, Hajara, ina jin ki."

Saura kaɗan muciya ta suɓuce mini.

Ummi ta haye cinyarsa tana ba shi labarin akuyar maƙwabta da ta ci mana masara. Da ta gama ya ce ta sake daga farko. Sannan ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ashe tsamin baki gare ta."

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Bayan magariba babura suka wuce ta hanyar daji, na ga jikinsa ya sandare. Ashe 'yan kasuwar Kuyello ne. Na ce ko zai riƙa cire na'urar da yamma ya huta.

Ya girgiza kai. "Kin daɗe kina sauraren dajin nan ke kaɗai. Yanzu mu biyu ne."

Alhamdulillahi. Yau kam zan yi barci.