Motar Kawu Intha Tana Tsayawa a Bakin Kowane Rafi

Gwaggo Lamduan,

Don girman iyayenki ki taimake ni kafin damina ta kankama. Na san filinki na jarida na masu tambayar taya da batir ne, ni ma maganar mota na zo da ita, sai dai ta cakuɗe da wani abu da ba na iya faɗa wa kowa a ƙauyenmu, don kafin in rufe baki ya zaga gari. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga.

Ina noman kofi da ganyen shayi a kan tudu, can ƙuryar lardin da ake kira Nan. Babana ƙodarsa ta gaza, sau biyu a mako sai an kai shi asibitin gari wankin ƙoda. Ba abin da ake ɗagawa ba ne, in ya tsallake ƙafafunsa su kumbura, numfashi ya gagare shi. Da rani 'yar ƙaramar motata tana lallaɓawa. Da damina kuwa hanyarmu jan taɓo ce zalla, ga rafuka babu gada, sai an shiga ruwan. Bara ɗaki na kama mana a gari, Baba ya zauna yana kallon bango har ya daina taɓa shinkafarsa, ya ce bana ko a ɗaure ba zai koma ba. Ke nan dole in sami mota mai jan ƙafa huɗu, wadda ba za ta kunyata ni a tsakiyar daji da mara lafiya ba.

Biyu ne a gabana. Ta farko ƙanena Wirat ne ya gano ta, yana can Bangkok yana zaɓa mana ta waya. Na je na gan ta wajen dillali a gari. Baƙa ce tana walƙiya, an ɗaga ta sama, tayoyinta manya-manya, shimfiɗar cikinta sabuwa fil. Amma da dillalin ya kunna iyakwandishan, warin kududdufi ne ya bugi hancina. Ya ce min warin sabulun wanki ne. Ni da na girma a bakin rafi za a koya wa warin laka?

Ta biyu a-kori-kurar marigayi Kawu Intha ce, fara, tsohuwa, fentinta ya koɗe, amma ban taɓa jin an ce ta kwana a hanya ba. Matarsa, Inna Buakham, ta ce ta fi son ta dawo hannuna da ta faɗa hannun baƙo. Matsalar ita ce, duk wanda ya mutu a asibiti daga ƙauyukanmu, da wannan motar Kawu Intha yake dawo da shi gida. Kin dai san yadda ake yi: a kowane rafi a tsaya, a jefa kwabo a ruwa, a kira mamacin da sunansa a ce masa ga ruwa za a ƙetare, ya biyo, kada ya ɓata a hanya. Kawu bai taɓa tsallake ko da ƙorama ba. Mahaifiyata ma shi ya kawo ta, ina zaune a gefensa ina jin yana kiranta a hankali kamar mai tashin yaro daga barci. Shi kuwa da ya rasu a lokacin sanyin da ya wuce, motar haya aka ɗauko, direban baƙo ne, rediyo ya sake tun daga gari har ƙofar gida. Ba wanda ya kira shi. Tsofaffi suna cewa har yau bai iso gida ba.

Ranar Asabar da la'asar na karɓi makulli don in gwada ta. Baba ya ce sai ya bi ni, don shi da Kawu tare suka yi kiwon ɓauna suna yara. Yana dariya ya shiga, wai bari ya duba ko tsohon marowacin nan ya bar masa taba a aljihun mota. Muka gangara hanyar gari. Gajimare ya sauko ya rufe kwari, ko kukan tsuntsu babu. Muna dosar rafin farko, sitiyari ya ja hagu da kansa, motar ta ratse gefen hanya ta lafa a wani ɗan fili. Na ce ko hannuna ne. A rafi na biyu na ƙanƙame sitiyarin da hannu biyu, ta sake ja, ta sake lafawa, kamar tana jiran wani ya sauka. Baba ya daina dariya.

A na uku raina ya ɓaci, na murɗe ta da ƙarfi na faɗa ruwan ba tare da na tsaya ba. Muna tsakiya injin ya mutu. Na murɗa makulli, shiru. Na sake, shiru. Ruwa yana dukan ƙofa, sanyi ya cika motar alhali gilasai a rufe suke. Gwaggo, ban san daga ina maganar ta fito ba. Ni da ban taɓa ambatar sunan mahaifina ba, sai na ji bakina yana cewa, "Panya, ga ruwa, za mu ƙetare, ka biyo mu." Da irin muryar nan ta Kawu, a hankali. Na murɗa makulli, ta tashi. Tana tashi wani kwabo ya faɗo daga bayan makarin rana na saman gilashin gaba, ya sauka a cinyar Baba.

Muka juyo gida. Da muka sauka ya miƙo min kwabon ya ce, "To 'yar nan, tunda kin riga kin kira, saura ki gaya wa kafinta ya zo ya auna ni, ya haɗa akwatin gawa." Tun ranar yake rarraba kayansa. Addarsa ya ba maƙwabci, tsuntsunsa na keji ya sake shi. Ya ce motar Intha sau ɗaya zai ƙara shiga, a baya, a kwance. Na gaya wa Wirat, ya yi ta dariya a waya, wai "Yaya, kofin naki ne ya hau miki kai, ki sayi motar mutane ki bar akwatin gawa."

Ina jin tsoro, Gwaggo, kuma ina jin kunyar tsoron. Na kira mahaifina kiran matattu yana zaune da ransa a gefena, kuma motar ta amsa. Zuciyata ta san wannan tsohuwar ce za ta iya hanyarmu, amma wanda zan saya dominsa ya ƙi ko kallonta. In ɗauki mai warin laka don a zauna lafiya? Jiya an yi yayyafin farko, kuma duk wucewar da zan yi ta ƙofar Inna Buakham sai in ga kamar motar ni take kallo.

Taki,
Mai Kofi a Kan Tudu

*

'Yata Mai Kofi,

Ki sha ruwa ki zauna. Mu fara da ƙarfe, shi ya fi sauƙin sha'ani.

Motar Wirat hancinki ya riga ya yi miki rabin aiki. Tsohuwar mota da sabuwar shimfiɗa da warin kududdufi, sau da yawa wadda ambaliya ta taɓa shanyewa ce. Irinta tana tashi lafiya a gaban dillali, sai bayan wata da watanni wayoyin lantarkinta su fara ruɓewa, ta mutu miki inda ba ta tashi. Ban gan ta ba, ba zan yanke mata hukunci daga nan ba, kuma ƙanenki ba mugunta yake nufi ba, kujera mai laushi yake so wa mahaifinku. Ki tafi da bakanikenki, ya ɗaga shimfiɗar, ya leƙa ƙusoshin ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ya zura hannu bayan allon da ke gaban direba ko zai shafo busasshiyar laka. In dillali ya hana a ɗaga, ki gode masa ki kama hanya. Ɗaga motar sama da aka yi kuma ado ne, a gangaren tudu motar da ta yi tsayi da yawa ta fi saurin kifewa.

Yanzu ta Kawu Intha. Na yi shekaru ina wanke hannu da kananzir a garejin mijina, na san irinta. A cibiyar kowace tayar gaba akwai ɗan murfi da ake murɗawa da hannu. In ba a murɗa shi ba, ko kin ja sandar ƙafa huɗu, tayoyin baya ne kaɗai ke aiki. Kawunku yana ratsewa a bakin rafi ya kira mamacinsa, haka ne, amma a nan kuma yake duba murfin nan, ya kalli zurfin ruwa, ya bar birki ya huce, ya sa ƙaramar giya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsayawa a wuri ɗaya, tayoyinsa sun haƙa kwari a ƙasa, kuma duk tayar da ta faɗa kwarin sai ta bi shi. Ke kuwa kin afka ruwa da babbar giya, ƙafa biyu ke ja, dutse ya tokare ki, injin ya mutu. Ƙin tashin, ki sa a duba kan batir, in ya yi sako-sako haka yake yi, ya ƙi sau biyu ya yarda a na uku.

Kwabon kuma, bayan makarin nan wurin ajiyar Kawu ke nan, girgizar injin ta isa ta faɗo da shi. Dalilin da ya sa kwabon ya zaɓi wannan lokacin da wannan cinyar, ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Na ga motoci da yawa a rayuwata, akwai waɗanda ban so in zauna a cikinsu ni kaɗai ba.

Tsufa ma ba ado ba ne, kada ki saye ta da ido rufe don kunyar Inna Buakham. A ɗora ta a kan ramin gareji a ƙwanƙwasa ƙarfen ƙarƙashinta, in tsatsa ta ci shi maganar ta ƙare. A tsiyayo man da ke cikin ƙafafunta, in ya yi fari kamar shayi da madara ruwa ya shiga, a sauya. Birki, batir da tayoyin taɓo, kada ki yi musu rowa. In ta ci wannan jarrabawa, ita zan zaɓa miki, don kayan gyaranta akwai su a kowace kasuwa, kuma bakaniken ƙauye ya san cikinta. Ki nemi wanda ya iya ya koya miki shiga ruwa kafin ki ɗauki mara lafiya. Ranar da rafi ya yi jajir yana tafe da itatuwa, babu motar da za ta ƙetare shi, don haka ki yi magana da ma'aikatan asibiti tun yanzu, ki tanadi inda za ku kwana a gari in sama ta haɗe.

Saura mahaifinki, wanda shi ne ainihin wasiƙar. Ba motar yake tsoro ba. Mutumin da ake wanke wa jini sau biyu a mako ya daɗe yana sauraron ranar da za a kira shi, sai ga shi ya ji kiran daga bakin 'yarsa. Ki durƙusa ki ba shi haƙuri, ba tare da dogon bayanin giya da batir ba. Ki tuna masa abu guda: mamaci in za a kai shi gida ake kiransa, ana hawa tudu. Ku gangarawa kuke yi, hanyar asibiti, hanyar masu neman sauran kwana. Ki ɗauko malamin haikali ya yayyafa wa motar ruwa, ya ɗiga mata farar ƙasa a rufi don albarka, ki rataya sabon fure a madubi. Ba zai gyara birki ba, amma zai gyara zaman wanda ke ciki.

Sannan ki ba shi aiki. Kin ce ba wanda ya kira Kawu Intha, kuma ba wanda ya fi cancanta ya kira shi kamar wanda suka yi kiwon ɓauna tare. Ki mayar masa da kwabon nan, ki ƙara masa wasu. Ki roƙe shi ku gangara gari sau ɗaya, ba don asibiti ba, don ku ɗauko abokinsa. A dawowa ki ratse a kowane fili da motar ta saba, ki sauka ki duba tayoyinki, shi kuma ya sauke gilashi ya jefa kwabo, ya kira Intha da duk sunan tsokanar da ya ga dama, ya ce masa ga ruwa, ya biyo. Mahaifinki ya san al'adar nan fiye da ni da ke. Ya san mai rai ne ke zama a gaba yana kira. In ya ji muryarsa tana fita a kan ruwan, zai san a wane ɓangare yake.

In kun isa ƙofar Inna Buakham, ki kashe injin, ki sauka ki buɗe ƙofar baya. Kada ki yi saurin rufewa. Ki bar ta a buɗe gwargwadon yadda tsoho mai ciwon gwiwa zai sauka a tsanake.

Ina yi wa mahaifinki fatan sauƙi da daminu masu yawa a kan tudunsa, ke kuma ki riƙa isa lafiya kina dawowa lafiya, ku biyu, a kujerar gaba.

Gwaggonki,
Lamduan