Kada Ka Soya Komai A Tandar Nan

Tauno,

Kafin ka dawo daga wajen ƙanwarka na shiga daji. Albishirinka, na kayar da maƙwabcinmu Reijo!

Da safen nan ni da shi muka kafa takardar gwajin harbi a bayan sauna, ɗakinmu na wankan tururi. Harsasan da na zuba da hannuna duk suka bi rami ɗaya, babban yatsa ma ya rufe shi. Nasa na kanti kuwa sai ka ce an watsa wa kaji tsaba. Shi ne fa mai cewa, "Hilkka, ke da 'yar bindigar nan da dalmarki ta gida, ko bishiyar da tsuntsun yake kai ba za ki samu ba." Yau ga shi yana sosa ƙeya, wai, "Ɗan sam min kaɗan mana." Na ce kanti a buɗe yake.

Sai dai ka yi haƙuri. Jiya da na narkar da dalmar na rasa inda zan juye ta, sai idona ya faɗa kan tandar fanke ta mahaifiyarka. Na san ka yi wa jikoki alkawarin fanke yau. Kada ka soya musu komai a ciki, ko ka wanke ta sau dubu, dalma guba ce. Na rataye ta a ɗakin aikina.

Ka yi fushinka ka gama, da kazar daji zan dawo. Tanda kuwa ka aro a gidan Reijo, kuma ka gaishe min da shi sosai.

Hilkka