Yatsu Huɗu Tsakaninta da Ƙasa

Zuwa ga ƙanena Zakariyya, a Doguwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Gwaggo Kyauta, da su Jannatu. Tun zuwana Legas ba wanda ya neme ni, amma na yafe.

Lafiyata lau, gwiwar ma da sauƙi, sai dai zaman ɗaki. Ɗana Lurwanu ya ce da kansa zai maido ni gida in ya gama gyaran motarsa. Wata uku ke nan.

Tsohuwar motar tsere ce 'yar Japan, mai ƙofa biyu, ta girmi matarsa. Ya sauya mata salansa tana ruri kamar bijimi, ya ɗora mata fiffike a baya. Na ce, "Tashi za ta yi?" Ya ce, "Baba, ba za ka gane ba." Ya kuma sa an sauke ta ƙasa. Na durƙusa da gwiwar nan na auna, yatsu huɗu ne tsakaninta da ƙasa.

Don Allah ka je ka auna dutsen nan na mashigar unguwarmu. In ya fi yatsu huɗu, ka zo ka ɗauke ni a motar haya kafin girbi. Kada ka gaya masa.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Adamu